Ranar da Na Yi wa Mai Mafici Liƙi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawa matan unguwarmu ta Danau Kota ba za su bari ba, da Asabar ɗin da na hau dandamali a Bukit Bintang, cikin birnin Kuala Lumpur, na yi abin da har yau in na tuna sai tafin ƙafata ya yi sanyi. Akwai bidiyo. Ni ban taɓa kallonsa har ƙarshe ba, amma duk sanda na shiga taron suna na ga an fara ƙunshe dariya cikin mayafi, na san shi ake tunawa.

Bari in fara da Inna, mahaifiyata, domin ba don ita ba da babu abin da zai haɗa ni da finafinan Tailan. Ni ce 'yarta ta fari, ita kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta taɓa aikena baki da baki ba. Ko gishiri take so, ina zaune a gabanta, sai ta waiga wajen ƙanwata Zulai ta ce, "Ki ce wa waccan ta miƙo gishiri." Ranar da zan taho Malesiya karatun digiri na uku, gidanmu na Bichi ana ta koke-koke, ita tana tsintar shinkafa. Sai da na kai soro na ji ta ce wa Zulai, "A ce mata ta riƙa cin abinci." Shi ke nan sallamar.

Kada ku ɗauka shiru-shiru ce, ku dai bari a buga ganga. A wurin biki Inna ba ta da ta biyu. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa sai an ji a bayan layi, in kuwa ta shiga fili da sababbin kuɗi tana manna wa amarya a goshi, sai an janye ta. Ni 'yar boko ina can gefe da tabarau, kunya kamar ta kashe ni. Na sha faɗa wa ƙawayena cewa liƙi rashin wayewa ne. Ban taɓa yin guɗa ba, ban taɓa yi wa kowa liƙi ba. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye. Ban samu zuwa ba. Fasfona yana wurin sabunta biza, kafin ya fito an sallamo ta daga asibiti, 'yan uwa suka ce in zauna in gama abin da ya kai ni. Na zauna, amma Allah Ya sani ban yafe wa kaina ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne Inna ta daina magana. Likita ya ce harshen lafiya lau, ita ce dai ba ta so. In na yi kiran bidiyo Zulai ta juya mata wayar, sai ta dube ni ta kawar da kai, hannun hagun yana ajiye a cinyarta kamar ba nata ba.

Don ta rage mata zaman shiru, Zulai ta jingina waya da filo ta kunna mata wani dogon fim ɗin Tailan, irin wanda ake ɗora wa fassarar Hausa. A cikinsa akwai wata tsohuwa, uwar babban gida, wadda ba ta rabuwa da mafici mai naɗewa. Ba ta ɗaga murya. In wani ya yi abin banza sai kawai ta naɗe maficin, ƙas, ta dube shi, sai ka ga ƙato ya durƙushe. Wata rana da hantsi tsohuwar ta naɗe shi a gaban wani surukinta maƙaryaci, sai Zulai ta ji murya a bayanta: "Yauwa! Gaya masa dai, mara kunya!" Zulai ta yar da kwanon da ke hannunta. Maganar farko ke nan da Inna ta yi tun kwanciyarta. Daga ranar tsohuwar ta zama 'yar gida, Inna ta raɗa mata Mai Mafici, wani lokaci kuma ta ce "ƙawata".

Ni na fara kallo ne don in samu abin tayar da hira. Wallahi niyyata ke nan. Kafin wata biyu na san wa ya auri wa a cikin taurarin Bangkok, wa ya saki wa, wace ce ta bar kamfaninsu ta koma wani, wane ne aka gani a filin jirgi da wadda ba tasa ba. Ina ɗakin bincike da rana tsaka, babi na uku a rabin allon kwamfuta, a ɗaya rabin ana kuka a bakin kogi. Ni da na zo nazarin tsaftar ruwan sha! Rahila, 'yar Jos da muke haya tare, ta ce in dai haka ne a ba ni digirin a Bangkok kowa ya huta.

Amma ba samarin ne suka riƙe ni ba, Mai Mafici ce. Ban taɓa ganin wanda ya iya shiru irin nata ba. Akwai wurin da aka zo aka gaya mata 'yarta ta rasu. Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da zuba shayi har kofin ya cika ya tumbatsa ba ta daina ba. Na mayar da wurin baya ya fi sau goma. Daga baya na gane dalili: haka Inna take, komai nata a ciki yake.

Sai ga labari cewa taurarin sabon fim ɗinta za su zo talla a wani katafaren kanti a Bukit Bintang: saurayin fim ɗin, budurwar, da ita. Na faɗa wa Zulai ina ta zumuɗi, ban san Inna na ji ba. Dama tuni Inna ta yanke cewa Tailan da Malesiya kamar Bichi da Tsanyawa ne, tana mamakin yadda ban taɓa cin karo da ƙawarta a kasuwa ba. Sai na ji ta ce, "Ba ni wayar." Fuskarta ta cika allon. Ba ta dubi gefe ba, ni ta duba.

"Ke," ta ce. "Zan aike ki."

Da girmana, da 'yar furfurata da ta fara leƙowa, ranar na fara jin wannan daga bakinta.

"Ki gaishe ta. Ki ce mata na gode, ta ɗebe mini kewa. Zan ba da saƙo a kawo miki, ki sa mata a hannu. Hannunta fa, ba na 'yan aikinta ba. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Da aka kashe wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Rahila ta ji ni.

Bayan sati uku wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo mini saƙon, cikin ƙullin kuka da daddawa. Mafici ne na kaba, mai rinin ja da kore a baki. Na san shi, shi ne wanda ke rataye a bayan ƙofar Inna tun muna yara, ba ta bari a taɓa. Sai takardar kuɗi ƙwaya ɗaya, sabuwa fil, a cikin leda. Zulai ta ce Inna ta ce wannan na goro ne. (Na so in yi bayanin cewa tsohuwar ba ta san goro ba. Na bari.)

Na shirya, jama'a, na shirya. Ai ni gwana ce, na kalli finafinan. Na san gaisuwarsu: a haɗa tafin hannu biyu, a ɗan sunkuyar da kai. Na yi ta gwadawa a gaban madubi. Na lura in ƙaramin mutum zai wuce gaban babba sai ya rage tsawo, wani har da rarrafe, amma ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka ladabi ne kawai irin namu. Rahila ta karanto mini dokokin taron: ba a taɓa taurari, kyauta a miƙa wa ma'aikata, a gaisa, a ɗauki hoto, a sauka. Na ce, "Rahila, ni za ki karanta wa doka? Ni da nake koyar da ɗalibai?" Ta ce, "To, Dakta. Ni dai nawa ɗaukar bidiyo." Dokar kyautar ce kaɗai ta dame ni, tun da Inna ta ce a hannu. Don haka na tsara jawabin roƙo cikin Turanci, layi huɗu, na haddace.

Ranar na ci ado kamar ni ce uwar biki: leshi ruwan zuma, ɗauri mai hawa, mayafi, har da lalle. Muka shiga bas zuwa Chow Kit, muka hau monorel, jirgin nan mai bi ta saman titi. Maficin yana cikin jaka, takardar kuɗin kuma na saƙale ta a ƙarƙashin agogon hannuna don kada in manta da ita.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Kantin hawa shida ne, tsakiyarsa a buɗe har sama, kowane hawa an yi dafifi a jikin ƙarfe ana leƙowa. 'Yan matan Malay da hijabansu, 'yan China, Indiyawa, kowa da kwalin rubutu a hannu. Bayan dandamalin an kafa allo wanda ya fi bangon gidanmu girma. Da saurayin fim ɗin ya fito, ihun da aka yi sai da na ji shi a haƙorana. Wata a gefena ta sulale ƙasa, ƙawayenta suna yi mata fifita da hotonsa.

Sannan ita ta fito. Ba a yi mata ihu ba, tafi aka yi. 'Yar ƙarama ce! Ni da nake ganinta a fim kamar ta cika ɗaki, ashe ba ta wuce kafaɗata ba. Furfura fes an naɗe a ƙeya, rigar siliki ruwan toka, mafici a hannu. Ta haɗa hannu ta gaida mutanen ƙasa, ta ɗaga kai ta gaida kowane hawa ɗaya bayan ɗaya har na shida, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Rahila, ga ta fa. Mutum ce." Rahila ta ce, "Da aljana kika zata?"

Aka buɗe layin gaisuwa, kowane tauraro da nasa. Na saurayin ya zagaya har bayan shagon takalma. Na Mai Mafici kuwa ba mu da yawa, yawanci iyaye mata, nan da nan na kai gaba. Kusa da kujerarta akwai wata yarinya mai farin hijabi da ke yi mata fassara. Ma'aikaci ya yi mini alama na hau matakala. Saura taku huɗu tsakanina da ita, ina maimaita jawabina a zuci, sai mai gabatarwa ya ga dama ya katse layin. Wai jama'a na roƙon Mai Mafici ta ɗan taka rawar gargajiyar da ta yi a fim. Ma'aikacin ya ɗaga mini hannu in tsaya inda nake. Na tsaya, ni kaɗai a gefen dandamali, da leshina.

Aka saki kiɗa. Wata 'yar sarewa mai kuka, da ƙananan ƙararrawa, sai ganga ta shigo daga ƙasa. Tsohuwar ta miƙe. Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙafarta da ƙyar take motsi, duk rawar a hannu take: yatsun suka lanƙwashe baya, wuyan hannu na juyawa, maficin ya buɗe a hankali. Fuskarta ta koma ta yarinya. Hawa shida suka yi tsit, har 'yan matan saurayin suka sauke kwalayensu. Ni kuwa hawaye na zuba, ba Bukit Bintang nake gani ba, tsakar gidanmu nake gani, da Inna a fili lokacin da hannayenta biyu ke aiki. Gangar ta ƙara sauri. Ta juyo, ta naɗe maficin, ƙas, daidai gabana, ta dube ni ta yi murmushi.

Abin da ya biyo baya, ni dai ba a yi shawara da ni ba. Na ji hannuna ya tafi hancina. Na ji wata guɗa ta tashi, doguwa, mai kaɗawa, ta hau har hawa na shida ta dawo. Ina mamakin wace ce wannan mai muryar Inna, ashe ni ce. Kafin ma'aikacin ya farga na cinye taku huɗun nan da rangaji, na zaro takardar daga ƙarƙashin agogo, na ɗaga ta sama yadda ake yi don kowa ya shaida, na manna wa tsohuwar mutane a tsakiyar goshi. Har da dannawa da babban yatsa.

Ta kuwa zauna daram. A gida kuɗin liƙi yakan faɗo a tsince. Wannan, da yake fitilu sun sa ta ɗan yi gumi, ga kuma hoda, sai ya lafe abinsa. Aka kashe kiɗan. Na ji kantin gaba ɗaya ya ja numfashi. Na ɗaga ido na ga allon nan: fuskar Mai Mafici, tsawon mutum uku, da naira a goshi, ga hannuna mai lalle a gefe. Saurayin fim ɗin ya rufe baki da hannu biyu. Ma'aikata suka taho, ɗaya yana cewa, "Tak boleh, tak boleh!" wato ba a yi, ba a yi. A ƙasa na hango Rahila, baki a buɗe, waya a sama. Ko don Allah ba ta daina ɗauka ba.

Yarinyar mai fassara ce ta fara isowa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kak," (haka suke ce wa yaya) "me kika yi? A wurinsu ba a taɓa kan mutum, shi ne wuri mafi daraja a jiki. Ko 'ya'yanta ba sa kai hannu saman kanta. Mai yi mata kwalliya ma sai ta nemi gafara kafin ta taɓa."

Nan take duk rarrafen da na gani a finafinai ya dawo mini. Ashe kansu suke hanawa ya wuce na babba! Na kalli abin nan wata da watanni ban gane ba. Ni kuwa na zo na tsaya a kanta ƙiƙam, da ɗauri mai hawa, na danna mata yatsa a goshi a gaban duniya. Jawabina na layi huɗu ya gudu. Gaisuwar madubi ta gudu. Abin da ya rage a jikina na gida ne: na zube gwiwa biyu, na sunkuyar da kai, ina cewa da Hausa tsantsa, "Ki yi haƙuri Iya, don girman Allah ki yafe mini." Kuma ba kunyar ce kaɗai ke cina ba. Ma'aikacin ya riga ya kama jakata, maficin yana ciki. Za a sauke ni saƙon bai isa ba. Aike ɗaya tak Inna ta taɓa yi mini, na ɓata shi.

Sai na ji ƙas. Hannun da ke jan jakata ya saki. (Ashe ba a fim kaɗai yake aiki ba.)

Na ga siliki ruwan toka yana saukowa a gabana. Tsohuwar nan, da shekarunta, ta dafa kujera ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai tawa. Mai fassarar ta yi wuf ta zube, har tana neman kwanciya don kada kanta ya fi na tsohuwar tsawo. Saurayin da budurwar suka sauko daga kujerunsu suka zauna a ƙasa, ma'aikatan ma haka. Dandamali guda kowa a ƙasa, saboda ni. Kuɗin na nan a goshinta, ba ta cire ba. Ta yi magana a hankali, yarinyar ta juya mini: "Ta ce, a garinku me wannan yake nufi?"

Ni da na tsaya gaban farfesoshi na kare tsarin bincikena ban yi in'ina ba, ranar Turanci ya ƙi ni. Da guntu-guntu na ce a wurinmu in mutum ya yi abin da baki ya kasa gode masa, sai a sa masa kuɗi a goshi don kowa ya ga an gode. Na ba ta labarin Inna: hannun, da shirun, da ranar da Zulai ta yar da kwano, da yadda take ce mata ƙawata. Na zaro maficin kaba na miƙa da hannu biyu na ce, "Ta ce in sa miki a hannu. Ta ce ta gode, kin ɗebe mata kewa."

Ta ajiye nata na siliki a ƙasa, ta karɓi na Inna. Ta juya shi, ta shinshina (ƙamshin turaren wutar ɗakin Inna yana jikinsa har lokacin), ta yi fifita da shi sau biyu. Sannan ta yi shirun nan nata da na sani a fim, sai dai wannan karon ina jin numfashinta, kuma babu wanda ya rubuta mata abin da za ta yi. Ta tambayi sunan mahaifiyata. Na ce Inna. Ni ma ban taɓa faɗin sunan ba, ba ranar zan fara ba. Ta tambaya wace ce tamu a cikin wayoyin nan, na nuna Rahila. Ta fuskanci wayar, a durƙushe, naira a goshi, maficin Bichi a tsakanin tafukanta, ta haɗa hannu ta ce, "In-na." Sai wasu kalmomi kaɗan. Yarinyar, tana share ido, ta ce, "Ta ce, ki warke ƙawata, akwai sauran fim."

Sai a lokacin ta ɓare takardar, ta ninke ta biyu, ta soke a rigarta. Tafin da aka yi ban ji shi sosai ba. Na san dai an taimaka mata ta miƙe, ni ma an taimaka mini, kuma a matakala ɗaurina ya zame ya rufe mini ido ɗaya. Wata dattijuwa 'yar Malay ta rungume ni. Wata 'yar Tailan kuma ta harare ni tun daga sama har ƙasa, kuma wallahi ita ma tana da gaskiya.

A monorel, da muka wuce tasha biyu, Rahila ta juyo ta dube ni. "Dakta, ba ke ce kika ce liƙi rashin wayewa ne ba?" Na ce ta yi wa Allah ta goge farkon bidiyon. Ta ce ai tuni ya shiga gurup ɗin matan Danau Kota, wai hannunta ne ya zame. Kafin mu kai gida an raɗa mini Dakta Liƙi.

Washegari da la'asar ɗinmu, hantsinsu, na kira gida. Na so a nuna wa Inna ƙarshen kawai, Zulai ta ce ba ta iya yankewa ba (ƙarya take). Ta jingina waya ɗaya da filo ta kunna, ta riƙe ɗayar, ina kallon Inna tana kallo. Da guɗar ta tashi Inna ta ɗago: "Wa ya yi wannan?" Zulai ta ce, "Yaya ce." Na ga gefen bakin Inna mai lafiya ya motsa. Da aka zo wurin da Mai Mafici ta haɗa hannu ta kira ta, sai Inna ta gyara zama. Ta sa hannun dama ta ɗauko na hagun daga cinyarta, ta ɗaga shi, ta haɗa tafukan biyu a gaban fuskarta. Yatsun hagun a lanƙwashe suke, suna rawa, amma haka ta riƙe su har bidiyon ya ƙare. Zulai ta raɗa mini cewa ko masu motsa mata jiki a asibiti ba su samu ta yarda ta ɗaga hannun nan ba.

Ina ta kuka a nan, ina jira in ji me za ta ce. Ta karɓi wayar. Ta dube ni, ni ɗin dai, karo na biyu.

"Ke," ta ce. "Guda ɗaya tak kika liƙa mata?"

Na ce, "Inna, ai ɗaya kika aiko. Kuma su a wurinsu ma ba a..."

"Ke ba ki da naki? Mace ta yi wannan rawar a gaban jama'a, ki manna mata ƙwaya ɗaya ki zube a ƙasa? Kin ba ni kunya." Ta miƙa wa Zulai wayar. Kafin a kashe na jiyo ta daga gefe, ta koma yadda ta saba: "A ce mata guɗar dai ta yi."

Abin da na koya shi ne, ko shekara nawa ka yi kana kallon mutane a allo ba ka san su ba, sai ka yi tambaya, kuma kafin amsa ta zo ka bar hannunka a aljihu. Yanzu ko jaririn maƙwabta ba na shafa wa kai sai na nemi izini. Na kuma koyi cewa duk bokon nan da na tara, da aka buga ganga Inna ce ta fito. An sa bikin Zulai bayan na gama karatu. Na riga na sa a fara nemo mini sababbin kuɗi, masu yawa, don wannan karon ba zan ba ta kunya ba.